Ni da Baba a Hanyar Gaffati

A shekarar da damina ta sake ƙin zama, ina aikin anfirmiye, wato ma'aikacin jinya, a wani ɗan asibitin ƙauye da ke gaba da Gaffati kaɗan. Ɗaki biyu ne da rumfa, sai itacen dogon yaro guda a bakin ƙofa. Can nake kwana duk mako. Ranar Asabar in hau tsohon mashin ɗina, mobilet, in taho gida unguwar Birni a Damagaram, in koma da sassafen Litinin. Na yi shekara huɗu a haka ban ga laifin tsarin ba, sai da Inna ta rasu.

Baba baduku ne, kamar ubansa. Idonsa ya daɗe da soma tafiya, kuma ni da na karanci aikin na san ba irin wanda ake gyarawa ba ne. Amma muddin Inna na raye bai daina ɗinki ba. Ita ke zura masa zare, ita ke gaya masa wannan fatar ja ce, waccan kore. Da aka yi sadakar bakwai sai ya tattara basilla da aska da sauran kayansa ya zuba a burgami, ya sa aka rataye a ƙusa. Ya koma zaure ya zauna a kan buzu. In an gaishe shi ya amsa, in ba a gaishe shi ba ya yini bai ce uffan ba.

Maiɗakina ce ta fara tare ni da maganar. Wata Asabar ina wanke ƙafa ta tsaya a kaina da buta.

"Malam, ka san ranar da kake gida kaɗai Baba ke cin abinci? Sauran kwanakin sai ya tsoma hannu sau biyu ya ce alhamdu lillahi. Na canja miya, na dama fura, na yi kunu. Ba abincin ba ne."

Na ce to, zan riƙa kwana gida. Na gwada da mobilet mako biyu. Hanyar yashi ce, mashin ɗin kuma ya tsufa. Sau biyu ya kayar da ni, sau ba adadi na tura shi da hannu, in isa asibiti rana ta ɗaga mutane sun cika rumfa suna jirana. Motar haya kuwa sai ranar kasuwa. Daga nan ne tunanin mota ya shigo mini, abin da ban taɓa sa wa raina ba, ko da yake ina da takardar tuƙi tun muna makarantar koyon aiki.

Lokacin an rufe iyaka daga wajen Najeriya, man da muka saba saye a kwalabe a bakin titi ya yi wuya. Manyan motoci sai suka faɗi warwas, kamar yadda shanu suka faɗi a kasuwa, kuma dalilin ɗaya ne: mai abu ya kasa ciyar da abinsa. Wani dillali ya yini yana yawo da ni a Sabon Gari. Ya nuna mini wata doguwa mai sheƙi, ya buga bayanta da tafin hannu.

"Likita, wannan ce daidai da mutuncinka."

Na ce, "Nawa take sha?"

Ya ce in duba kujerunta.

Kwana uku bayan haka na ji labari a masallaci cewa Mushe zai sayar da motarsa. Mushe, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci, shi ne malamin da ya koya mini karatu a ajin farko na lakwal, wato makarantar boko, kuma har ya tsufa ya bar aiki ba wanda ke kiransa da wani suna sai wannan. Ƙafafunsa sun soma ba shi wahala, zai koma Yamai wurin 'yarsa. Kowa a Damagaram ya san motar. 'Yar ƙarama ce, irin na Faransa, launin ƙasa-ƙasa, sandar giyarta a gaba take fitowa kamar mariƙin lema. Muna samari mukan yi mata dariya, mu ce in Mushe ya yi atishawa a ciki sai ta kauce hanya.

Da na gaya wa Baba, na ɗauka zai ce Allah ya sa alheri ya yi shiru. Sai na ji ya ce, "Yaushe za ka?"

"Gobe da la'asar."

"Ba a sayen abin hawa babu babba a wurin. Ka sa a fito mini da riga."

Wannan ce fitarsa ta farko tun rasuwar Inna. Muka taka daga Birni har Zango, hannunsa a kafaɗata, yana gaya mini inda muke kafin ni in gaya masa. Mushe na zaune a ƙofar gida a kujerar ƙarfe. Da ya hango mu ya yunƙura zai tashi ya kasa, sai ya ɗaga hannu biyu.

Akwai tsohuwar magana tsakaninsu. Shekarar da aka zo rubuta yaran unguwarmu a lakwal, Baba ɓoye ni ya yi a ɗakin fatu, ya ce na tafi ƙauye. Mushe ne, yana saurayi a lokacin, ya shiga da kansa ya zaro ni daga ƙarƙashin ƙirgi. Tun daga ranar gaisuwa ce kawai ke haɗa su.

Mushe ya ce, "Baduku, har yanzu kana fushi da ni?"

Baba ya ce, "Ka ɗauke mini ɗa, yau kuma ka aiko a ɗebe masa kuɗi. Ina ka ga ranar hucewa?"

Suka yi dariya su biyu. Rabon da in ji dariyar Baba har na manta.

Aka kai shi wurin motar. Ya zagaya ta da hannu, daga fitila har bayanta, yana ƙwanƙwasa jikinta da yatsa yana saurare. Ya durƙusa ya shafa tayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ya buɗe ƙofa ya latsa kujera, ya murza ta tsakanin yatsunsa, ya kai hanci.

"Wannan ba fata ba ce."

Mushe ya ce, "Roba ce."

"Ashe Nasara ma yana ha'inci."

Sannan Mushe ya juyo kaina, ya gyara murya irin yadda yake yi in zai ba mu shifta, har na ji hannuna na neman alƙalami.

"Saurara da kyau. Ƙofar baya ta hagu ba ta buɗuwa daga ciki. Da safe ba ta tashi da garaje. Ka ja mata wannan ɗan maɓallin, ka yi Fatiha a natse, sannan ka murza. In ka shiga yashi ka rage iskar taya, kada ka tsaya a tsakiya don gaisuwa. Ba ta da gudu, ba ta da ƙarfi, in ka ɗora mata buhu uku za ta yi maka kuka. Amma ba ta da ci. Kwalba biyu za su kai ka wurin aikinka su dawo da kai, har ka ga saura."

Da aka zo maganar kuɗi sai suka kore ni. Baba ya ce in je in duba injin. Na buɗe na tsaya ina kallon abin da ban gane ba, ina jin muryoyinsu ƙasa-ƙasa. Can aka kira ni, Baba ya faɗi abin da suka tsayar, Mushe ya ce Allah ya sa albarka. Na sayar da mobilet, na haɗa da abin da na daɗe ina tarawa don ƙara ɗaki a gida, na kai masa. Ranar da na je ɗaukarta Mushe bai fito ba. Ya aiko da makulli da takardun a cikin ambulan, aka ce mini yana hutawa.

Ba zan ɓoye ba, kunya ta kama ni ranar da na fara shiga ƙauyen da ita. Shekara ce da mata ke jiƙa anza, 'yar itacen jeji, kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita a samu abin sa wa a baki. Rumbuna a buɗe, ba komai ciki. Rabin mazan sun tafi neman abinci kudu. Ga ni kuma na zo da mota. Na ajiye ta a bayan asibiti inda ba za a gan ta sosai ba. Maigari, wani dogon tsoho mai sanyin magana, ya zo ya zagaya ta da sandarsa.

"Likita, me ya sa ka ɓoye ta?"

Ya nuna ƙofar asibiti da sandar.

"Ka dawo da ita gaba. Wanda ciwo ya kayar ya san yanzu garin nan yana da ƙafa."

Na soma kwana gida kullum. Baba yana cin abinci in na zauna kusa da shi, amma ba wani abin kirki ba, kuma yinin nan dai a zaure yake yinsa shi kaɗai. Aka yi kamar kwana goma. Wata safiya na fito da jakata na tarar da shi tsaye jikin motar, ya sa riga da hula, hannunsa a kan mariƙin ƙofa.

"Baba, ina zuwa?"

"Inda kake zuwa."

"Can ba wurin hutawa. Zafi ne, ga marasa lafiya."

"Nan ɗin hutawa ka ga ina yi?"

Maiɗakina na tsaye a bakin zaure da kwano a ɗaure cikin ƙyalle. Ashe sun gama shirinsu tun jiya. Ta miƙo mini kwanon ba ta dube ni ba.

Muka fita ta tsakanin duwatsu, muka bar kwalta muka shiga yashi. Baba ya riƙe kujera da hannu biyu har muka yi nisa, sannan ya saki, ya sa na tura masa gilashi. Ya daɗe yana shaƙar iska.

"Gaya mini abin da kake gani."

Na so in rage masa. Na ce gonaki ne.

"Na san gonaki ne. Me ke cikinsu?"

Sai na gaya masa gaskiya. Kara ne tsaye bai wuce gwiwa ba, ya bushe tun bai fid da kai ba. Itatuwan gawo an sassare rassansu an ba dabbobi. A gefen hanya shanu ne kwance, wasu ƙashi, wasu ba su daɗe ba.

Ya ce, "Waɗannan na ji su."

Sannan ya ba ni labarin wata yunwa da aka yi yana yaro, yadda uwarsa ke ɗora tukunyar ruwa zalla a wuta don su ji ƙarar tafasa su yi haƙuri. Ban taɓa jin labarin ba sai ranar. A gida ba ma irin wannan hira. A cikin motar nan kuwa, da yake ba mai kallon wani, ni ido a hanya shi kuma fuska a taga, magana sai ta riƙa zuwa da kanta.

Na shimfiɗa masa tabarma a gindin dogon yaro na shiga aiki. Wajen hantsi na leƙo ta taga na ga ya tsayar da wata mata da ke dawowa daga rijiya.

"Baiwar Allah, gugan nan naki yana zuba."

Ta tsaya tana mamaki. Bai gan shi ba, ɗigar ruwan ya ji a kan yashi. Ya karɓa ya bi ɗinkin da yatsa har ya sami wurin. Rijiyar garin ta yi zurfi a shekarar, an yi ta ƙara igiya, kafin guga ya iso sama rabin ruwan ya koma. Ya ce mata ta kawo gobe.

Da muka koma gida bai ko zauna ba ya ce a sauko masa da burgami.

Cikin mako guda gindin itacen ya zama wurin aiki. Guga, salka, takalmin da ya tsinke, igiyar da ke neman ƙari. Zura zare ne kawai ya gagare shi, sai matan da ke jiran layin asibiti suka riƙa zura masa, kowacce in ta zo ta zauna. Gugan roba yakan yi masa tsaki, ya ce wannan ba aikin mutane ba ne, amma ya ɗinke shi. Har tsohon tub ɗin tayar da na samu a bayan motar ya ƙwace ya yanyanka ya yi faci da shi. Ba ya karɓar ko dala. Sai suka koma kawo masa abin da suke da shi: 'yar dafaffiyar anza a ƙoƙo, ko 'ya'yan aduwa. Na matso na ce masa a hankali ya bari, cikinsa bai saba ba.

Ya ce, "Mace ta raba abincin 'ya'yanta ta kawo mini, in ce ba na ci?"

Ya cinye. Ya jawo kwanon gida kuma ya buɗe, ya kira maigari da wasu tsofaffi biyu da ke zama kusa da shi suka sa hannu. Na gaya wa maiɗakina. Washegari kwanon ya ƙara girma. Kafin wata ya ƙare tukunya ce sukutum muke ɗorawa a kujerar baya, a kafe ta da tsumma don kada ta kife. Ban san yadda take yi ba, don hatsin da nake kawowa bai ƙaru ba. Daga baya na lura ta daina cin na rana, ta ce wai zafi ne ke hana ta. Na yi mata faɗa, ta ce to, muka koma raba nawa biyu.

Wata Talata bayan azahar aka kawo wata mata a amalanken jaki daga wani ƙauye na gabas. Kwana biyu tana naƙuda. Na duba ta tare da unguwarzomar garin, na ga abin ya fi ƙarfin ɗakina biyu. Sai babban asibiti a Damagaram, kuma yanzu. Muka kwantar da ita a kujerar baya, kanta a cinyar uwarta. Unguwarzoma ta shiga gaba. Na tsaya da makulli a hannu ina duban Baba.

Ya ce, "Me kake jira? Ban ji tashin mota ba."

"Baba, babu wuri."

"To ni naƙuda nake? Tafi."

Maigari ya ce, "Bar mana shi, Likita."

Na tafi. A wani kwari da yashi ya fi laushi, duk da na rage iskar taya, motar ta nutse ta tsaya. Uwar matar ta soma salati. Na fito na duba gaba da baya, sai ga wasu mutane biyar tafe a ƙasa da ƙullin kayansu a ka, irin masu barin gida. Ban ma roƙe su ba. Suka leƙa suka ga abin da ke ciki, suka sauke kaya. Su kansu ba ƙarfi gare su ba, ana ƙirga haƙarƙarinsu ta wuyan riga. Amma motar ba nauyi. Suka kama bayanta suka cicciɓa suka tura, ta fita kamar an zare ƙaya. Na tuna ba a tsayawa cikin yashi, na ɗaga musu hannu ta taga na wuce. Ban san ko su wane ne ba, ban kuma sake ganinsu ba.

Aka shiga da ita ɗakin tiyata. Kafin magariba aka fito aka ce an sami 'ya mace, 'yar mitsitsiya, uwar ma tana numfashi. Na fito zan koma ɗauko Baba, allurar mai ta kwanta. Na zagaya duk inda na san ana sayarwa, ba ko kwalba, kowa ya ce sai gobe.

Maiɗakina ta ga na shigo ni kaɗai, ta saki abin da ke hannunta.

"Ina Baba?"

Na gaya mata.

"Ka bar tsoho marar ido a garin da bai san ko hanyar bayan gida ba? Ko bargo bai ɗauka ba!"

Ba ta ƙara yi mini magana ba ranar. Gari na wayewa na sami mai, na kama hanya, ita kuma ta cusa bargo da kunu a motar kamar wanda za a kai wa ɗan kurkuku.

Na tarar da shi a ƙofar gidan maigari cikin tsofaffi, ya harɗe, yana ba su labarin yadda ya taɓa ɗinka wa wani attajiri takalmi ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, attajirin ya yi shekara yana zargin ƙafarsa. Suna ta dariya har da tari. Da ya ji ƙarar motar ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Yaya matar?"

"Ta sauka, Baba. Mace."

"Alhamdu lillahi. Kai kuma me ya fito da kai da sassafe haka kamar an kore ka?"

Da yamma na zo in ɗauke shi sai ya ce akwai salka biyu da bai gama ba, in tafi, gobe ma rana ce. Maigari ya riga ya sa an share masa ɗaki kusa da nasa. Daga nan abin ya zama ɗabi'a. Ya yi kwana biyu a ƙauye, uku a gida, wani lokaci ya juya lissafin. Ranar Juma'a kaɗai ba ya yarda ta same shi a waje. Na riƙa dawowa Birni ni kaɗai da tukunya wayam tana ƙara a baya. Maiɗakina, da ta huce, ta riƙa yi mini tsiya.

"Ka sayar da mashin, ka fasa gini, don ka kwana kusa da Baba. Shi kuma ya ƙaura."

Rani ya yi tsawo. An kawo jar dawa ta taimako aka raba, ta ɗan riƙe mutane. Ƙyanda ta shigo, na yi jigilar yara da iyayensu har na daina ƙirgawa. Wasu na dawo da su a zaune, wasu a naɗe. A irin waɗannan ranakun Baba ba ya tambayata komai. In mun kama hanya sai ya ɗora hannunsa a gwiwata ya bar shi nan har mu ga duwatsun gari.

Ruwan farko a hanya ya same mu. Muna dawowa da la'asar, gabas ta yi baƙi, iska ta juya. Baba ya riga ni sani.

"Tsaya."

"Baba, yashi ne."

"Na ce ka tsaya."

Na nemi wuri mai tauri na tsaya. Ya lalubi ƙofa ya fita, ya cire hula ya riƙe a hannu. Ɗigon farko manya-manya suka soma bugun rufin motar. Ya tsaya a tsakiyar gonar wani, fuska sama, ruwa na bin gemunsa. Na fito da bargo zan rufa masa, ya ture. Daga nesa muna jin guɗar mata daga wani ƙauye. Muka tsaya har muka jiƙe sharkaf. Da muka koma ciki motar ta ƙi tashi, ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Muka zauna muna rawar sanyi muna jira, rufin yana ɗiga daidai kan kafaɗata, wani aibin da ko Mushe bai sani ba, don ya daɗe bai ga ruwan da zai nuna masa ba. Baba ya yi ta dariya. Sai da hadarin ya wuce ta yarda ta tashi.

An sami amfani a shekarar, ba mai yawa ba, amma mazan da suka tafi sun soma dawowa. Baba ya ƙara damina ɗaya bayan wannan. Bayan girbi na biyu, wata Alhamis, na fito daga ɗakin magani na ga bai buɗe burgaminsa ba. Ya ce, "Likita, kai ni gida." Haka yake kirana tun da na fara aiki, don ni ne ɗan fari, ba ya faɗin sunana. Na taɓa goshinsa, na saurari ƙirjinsa, na gane. Na kwantar da shi a baya. Ya ce in tafi a hankali, ba sauri muke ba. Kwana tara ya yi a ɗakinsa, maiɗakina na ba shi kunu da cokali, ya cika da hantsin ranar Asabar.

Ranar sadakar uku muna zaune a ƙofar gida sai ga mutanen ƙauyen sun ɓullo ta lungu, su fi ashirin, maza a gaba mata a baya. A ƙasa suka tako tun asuba. Maigari na gabansu da sandarsa, ƙafafunsa sun yi fari fat. A cikin matan har da wadda na kai asibiti, da 'yarta a goye. Suka zauna aka yi addu'a. Maƙwabtanmu na Birni suna ta tambayata a kunne ko dangin Inna ne.

Da la'asar suka miƙe za su koma yadda suka zo. Na ce ba zai yiwu ba. Matasan cikinsu suka ce su za su taka, in dai ɗauki tsofaffi da masu goyo. Sahu uku na yi. A na ƙarshe maigari ne a gaba, tsofaffi uku a matse a baya, gwiwoyinsu a ƙirji. Duk shekarun nan da motar ke ƙofar asibitin garinsa bai taɓa shiga ba. Ya rasa inda zai sa sandarsa, a ƙarshe ya fitar da rabinta ta taga. Da muka bar kwalta motar ta soma tangaɗi cikin yashi, ya damƙe hannuna da ke kan giya.

"Likita, haka take yi kullum?"

Na ce, "Kullum, ranka ya daɗe."

Ya jinjina kai, ya saki hannuna a hankali ya kama kujera. Na sauke su a ƙofar gidansa rana na gab da faɗuwa, na sha ruwan da aka kawo mini, na juyo gida.